Ranar da masoya suka yi wa gwaninsu ihu

Makon jiya ina aikin dare, majinyata duk sun yi barci, sai wata tsohuwar waƙa ta faɗo mini a waya. Ta tuna mini da wata gardama da muka sha yi da ƙanena tun ina makarantar koyon jinya, kuma ita na kawo muku yau.

Gardamar a kan Avicii ce, wani ɗan ƙasar Suwidin da sunansa na yanka Tim Bergling. Da kwamfuta yake haɗa kiɗansa, irin na rawa wanda sautin na'ura ke jan ragama, murya kuwa sai ɗan tsakure. Da haka ya yi suna a 2011 da kiɗansa mai suna Levels.

A watan Maris na 2013, a bikin Ultra na birnin Miami a Amurka, sai ya hau dandali da makaɗa riƙe da jita da banjo, wani abin kiɗa mai kama da gurmi, tare da mawaƙi Aloe Blacc. Suka gabatar da Wake Me Up, waƙa cikakkiya mai baitoci da amshi, da ƙamshin kiɗan karkarar Amurka. Wasu 'yan kallo suka yi masa ihu, kafin gari ya waye intanet ta cika da suka.

Ƙanena yana cikin masu fushin. A ganinsa mutumin ya juya wa waɗanda suka ɗaga shi baya, ya tafi neman kasuwar rediyo. Yakan ce kiɗa zalla yana barin kowa ya sa tunaninsa a ciki, amma da mawaƙi ya buɗe baki an riga an faɗa maka abin da za ka ji. Hujjarsa tana da nauyi, ban taɓa raina ta ba.

Ni kuwa muryar ce ta buɗe mini ƙofa. Ban taɓa shiga gidan rawa ba, amma na san mene ne tsayuwar awa goma sha biyu kana neman abin da zai riƙe ka har asuba. Da waƙar ta fito a watan Yuni na shekarar, ta hau matsayi na ɗaya a Ingila da ƙasashe da dama. Ƙanena ya ce yawan masu saye ba ya nuna kyau. Nan ma ban iya musa masa ba.

Abin da mu biyun ba mu duba ba shi ne mai kiɗan kansa. Tun 2012 aka kwantar da shi da kumburin pankiriyas, gaɓar da ke taimakon narkar da abinci, ciwon da na ga ya sa manyan maza kuka. A 2014 aka cire masa maɗaciya da afendis. A 2016 ya daina yawon wasa. Ya rasu ranar 20 ga Afrilu, 2018, a Muskat ta ƙasar Oman, yana da shekara 28.

Ba na cewa sukar masoya ce ta jawo wannan. Abin da ke damuna shi ne, duk tsawon gardamarmu abin da yake ba mu kawai muke aunawa, kamar famfo, ba mu taɓa tambayar yadda yake ba.

Haka muke yi a gida ma. Ɗiyarki da kika sani da son lissafi ta ce ɗinki take so, ko maigida ya ce ya gaji da sana'ar da aka san shi da ita, sai mu fara da lissafin abin da za mu rasa. Kina da damar cewa tsohon salon ya fi miki daɗi. Amma kafin ki faɗa, ki fara tambayar abin da ya sa, ki kuma tsaya ki ji amsar.

Ƙanena har yau Levels yake saurare. Na tura masa wannan rubutu, ina jiran martaninsa.