Gefe mai ƙyalli ko mai dushi: ba nan matsalar take ba

Daga masu gasa kifi a Birnin Kudu har masu naɗe kaza a Sundimina da Gwaram, akwai masu cewa sai gefen takardar alminiyam mai ƙyalli ya kalli ciki sannan nama zai nuna da kyau. Maganar ba ta da tushe.

Bambancin daga masana'anta yake. Kaurin takardar kusan milimita 0.016 ne kawai, shi ya sa a matsin ƙarshe ake haɗa falle 2 a tura su cikin inji tare, kada su yage. Gefen da ya gogi ƙarfen injin sai ya yi ƙyalli, wanda ya jingina da ɗan'uwansa ya dushe. Zafin garwashi kuwa bai san wannan bambanci ba. Kamfanin Reynolds na Amurka, mai yin takardar, shi ma haka ya ce.

Abin lura na gaskiya shi ne tsami. Tumatir, lemon tsami da gishiri suna cin alminiyam, har ya shiga abinci. Don haka kifin da ya sha irin wannan haɗi kada ya kwana a naɗe. A juye shi cikin kwano da zarar an sauke.