Ra'ayin Jarida: Umarar Taron Dangi Da Gidan Haya A Makka

Yanzu abin da ake yayi tsakanin matasan ƙasar Ƙaraye da Rogo shi ne a haɗu mutum takwas ko goma, a zuba adashi tun daga kaka, wani ya sayar da masararsa, wani rakensa, wani ya kaɗa bijimin da ya yi wata shida yana turka, idan azumi ya gabato a ɗunguma zuwa Umara a kama gida guda a Makka. Babu mai ja da falalar Umara cikin Ramadan, kuma wannan jarida ba ta ga aibi a haɗa kai ba. Hasali ma kuɗin ɗaki a otal kusa da Harami a goman ƙarshe ya fi ƙarfin mai noman rani a bakin madatsar Challawa, alhali idan an yi taron dangi a gida ɗaya, a dafa shinkafa da wake a tukunya ɗaya, nauyin yakan ragu. To amma akwai abubuwan da ya wajaba 'yan'uwa su sani kafin su miƙa guminsu.

Na farko dai, wane ne mai gidan? Galibi ba a san shi ba. Wani dillali ne da ke zaune a Misfala ko Shara Mansur zai turo hotuna ta WhatsApp, ya ce tafiyar minti goma ce zuwa Harami, a turo kafin alƙalami. Rushe-rushen faɗaɗa Masallaci sun cinye tsofaffin gidajen da ke kusa tun da jimawa, saboda haka gidan mai araha yana can nesa, sai an hau mota, ga azumi ga rana. Bayan wannan kuma, tun daga watan Yuni na 2025 Ma'aikatar Hajji da Umara ta Saudiyya ta shar'anta cewa ba za a ba da bizar Umara ba sai an yi rajistar masauki mai lasisi ta hanyar Nusuk. Ashe ke nan duk wanda ya ce zai sama wa mutum biza daban, gida daban a bayan fage, akwai tambayar da ya kamata ya amsa. Masu bin ta bizar ziyara su tuna da watan Nuwamba na 2023, lokacin da wani jirgi ya sauka Jidda da fasinjoji 264 daga Nijeriya, aka soke bizar 177 daga cikinsu nan take aka juyo da su gida.

Babbar fitinar gidan haya kuwa tana zuwa ne bayan Sallah. An biya kuɗin wata guda, sai dillali ya ce ai da ƙari kaɗan za a zauna har Hajji, tunda kujera ta haura Naira miliyan 8 a 2025, wa zai sake samun wannan dama? Sai ɗaya ya yarda, sauran su ji kunyar komawa su bar shi. Daga ranar da biza ta ƙare, mahajjaci ya zama ɗan ɓuya: ba ya iya zuwa asibiti, ba ya iya kai ƙara idan an cuce shi, ƙarar jiniya ma sai gabansa ya faɗi. A Hajjin 2024 mutum fiye da 1,300 ne suka rasu saboda tsananin zafi, kuma hukumomin Saudiyya suka ce kashi 83 cikin 100 nasu ba su da izinin Hajji, wato ba su da tanti mai sanyi a Arfa, ba su da motar ɗauka, a ƙasa suka yi ta tafiya. A 2025 tarar yin Hajji ba izini ta kai Riyal 20,000, wanda ya ba irin waɗannan masauki har Riyal 100,000, ga Tarhil, ga haramcin shiga ƙasar na shekara 10. Shari'a ba ta ɗora Hajji a kan wanda bai sami iko ba, balle ta ce ya saɓa alkawarin da ya sa wa hannu.

Ga kuma gida. A 2024 da 2025 duk a watan Yuni aka yi Arfa, daidai lokacin da ake shuka da noman farko a Rogo. Wanda ya jinginar da gona ya tafi, ya kuma zauna jiran Hajji, ya rasa daminar da zai fanshe ta, ya bar tsohuwa da amarya a hannun maƙwabta. Wasu ma, Allah Ya kyauta, ba su sallami mai bin su bashin taki ba suka kama hanyar filin jirgin Malam Aminu Kano.

Idan har tafiyar ta zama dole, 'yan'uwa su bi ta kamfanin da ke da lasisin Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, su kuma nemi ganin lasisin da idonsu. Su naɗa Amirin tafiya, amma kuɗi kada ya zauna a aljihun mutum ɗaya ba tare da rubutu da shaidu biyu ba, domin an sha ganin aminai sun dawo daga Ɗaki Mai Alfarma ba sa ga maciji a kan kuɗin cefane. Kowa ya riƙe fasfonsa a hannunsa, ya san sunan masaukin da ke jikin bizarsa, a kuma yanke tikitin dawowa tun kafin a bar Ƙaraye.