Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Darasi Daga Kwarin Mutuwa

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata al'ada wadda ba ta yaɗu sosai a wajenmu ba, wato mutum ya goya jaka ya shiga daji ko hamada da ƙafa domin shaƙatawa da kallon halittu kawai. Hukumomi kan keɓe manya-manyan gandaye saboda wannan, su shata 'yan hanyoyin ƙafa a cikinsu. Akasarin masu shiga kan fito lafiya, amma kowace shekara akan sami waɗanda suka shiga aka ji su shiru, sai a tashi jirage masu saukar ungulu da karnuka da 'yan sa-kai a bazama nema. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, a hamada jikin mutum yakan gaza tun kafin masu nema su isa gare shi, saboda haka mafi yawan aikin ceto wajibi ne a yi shi tun matafiyi bai bar gida ba.

Bari mu ɗauki misali daga gandun da ake kira Death Valley, wato Kwarin Mutuwa, a jihar Kalifoniya ta Amurka. A nan ne aka auna zafin digiri 56.7 a ma'aunin santigiret ranar 10 ga Yuli, 1913. A watan Yulin 1996 wasu Jamusawa huɗu 'yan yawon buɗe ido, namiji da mace da yara maza biyu, suka shiga wannan kwari a motar haya. Suka bar kwalta suka bi wata tsohuwar hanyar masu haƙar ma'adinai, wadda ba ta dace da irin motarsu ba. Sai a watan Oktoba, bayan kusan wata uku, wani ma'aikacin gandun ya hango motar daga jirgi mai saukar ungulu, ta maƙale a wani kwazazzabo, tayoyinta uku sun fashe, babu kowa a ciki. Aka yi gagarumin nema, ba a ga ko mutum ɗaya ba.

Shekara 13 ta wuce kafin wasu 'yan sa-kai biyu su gano ƙasusuwa a watan Nuwamban 2009, can kudu da motar, a wani sashe da ba a yi zaton wani zai nufa ba. Abin da ya kai su can shi ne tambayar da suka yi wa kansu: me baƙo daga Jamus zai gani idan ya buɗe taswira? Zai ga iyakar wani sansanin soja mai suna China Lake a kudu. A Turai sansanin soja yana da shinge da masu sintiri, don haka ana kyautata zaton mutanen sun ɗauka za su tarar da sojoji su taimake su. Alhali kuwa wannan iyaka fili ne fetal, babu kowa. Abin takaici, sun baro wata maɓuɓɓugar ruwa da ɗakin fakewa 'yan kilomitoci kaɗan a bayansu.

Domin mu fahimci dalilin da ya sa hamada ba ta ba mutum lokaci, sai mu duba yadda jiki yake aiki. Zafin cikin jikin ɗan'adam yana tsayawa ne a wajen digiri 37. Idan iskar waje ta fi jiki zafi, hanya ɗaya ce ta rage masa ta fitar da zafi, ita ce gumi, domin yayin da gumi yake bushewa a kan fata yakan tafi da zafin jiki, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa ta hanyar tsattsafowa. To, amma gumi ruwan jiki ne. Binciken da masanin nan E. F. Adolph ya yi a kan sojoji a hamadar Kalifoniya, wanda aka buga a 1947, ya nuna cewa mai tafiya a cikin rana yakan zubar da gumi kimanin lita guda a kowace awa. Mutum mai nauyin kilo 60 yana da ruwa kimanin lita 36 a jikinsa. Idan ya yi tafiyar awa shida ba tare da ya sha ruwa ba, ya rasa lita shida ke nan, wato kashi 10 cikin ɗari na nauyinsa. Tun kafin a kai nan jini ya ragu, zuciya tana bugawa da sauri, gumi ya fara ɗaukewa. Da zarar zafin ciki ya haura digiri 40, sai ƙwaƙwalwa ta rikice. Wannan shi ne babban haɗarin, domin gaɓar da mutum yake dogara da ita wajen yanke shawara tana cikin waɗanda ke fara gazawa. Raƙumi yana iya barin zafin jikinsa ya tashi daga digiri 34 da asuba zuwa kusan 41 da rana don ya tanadi ruwa, kuma yakan jure rashin kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa. Ɗan'adam bai sami wannan baiwa ba.

Su kuwa masu nema, lissafi ne yake yaƙarsu, irin lissafin faɗin da'ira da ɗalibai ke yi a aji. Idan wanda ya ɓace ya yi nisan kilomita 3 daga inda aka gan shi na ƙarshe, filin da za a bincika ya kai murabba'in kilomita 28. Idan nisan ya zama kilomita 6, filin ya koma 113. Idan ya kai 12, wato tafiyar awa huɗu kacal, filin ya zama 452. Duk lokacin da nisa ya ninka sau biyu, aiki ya ninka sau huɗu. Ke nan duk takun da ɓataccen mutum ya ƙara, yana zubar da ruwan jikinsa, kuma yana faɗaɗa filin da za a neme shi.

Mai karatu zai ce, ai gara mutum ya miƙe sambal har ya fita. Matsalar ita ce miƙewa sambal ba ta da sauƙi. A 2009 wasu masana daga cibiyar Max Planck ta Jamus, ƙarƙashin Jan Souman, suka sa mutane tafiya a wani kurmi a Jamus da kuma cikin Sahara a Tunisiya, suna bin sawunsu da na'urar tauraron ɗan'adam. Waɗanda ke ganin rana sun tafi kusan a miƙe, amma waɗanda gajimare ya rufe wa rana a kurmin sai suka riƙa zagaye suna komawa kan sawunsu ba tare da sun sani ba.

Daga wannan bayani nake ganin abubuwa huɗu ne ya kamata a fi ba ƙarfi. Na farko, kada kowa ya shiga hamada sai ya shaida wa wani inda za shi, da hanyar da zai bi, da ranar da zai dawo. Jamusawan nan sun rubuta inda suka nufa a wani littafin baƙi a tsohon sansanin ma'adinai, amma babu wanda yake jiran dawowarsu a kusa, balle ya yi ƙorafi da wuri. Na biyu, allunan bakin hanya da taswirori su faɗi gaskiya dalla-dalla, cikin harsuna da yawa da kuma hotuna: nisan hanya, da yawan ruwan da ake buƙata, da irin motar da za ta iya bi, da kuma wuraren da babu kowa. Hukumar Kwarin Mutuwa tana ba da shawarar a sha aƙalla lita huɗu a rana, kuma kada a yi yawon ƙafa a ƙasan kwarin bayan ƙarfe 10 na safe lokacin zafi. Na uku, a rufe hanyoyi masu wuya a ranakun tsananin zafi, kamar yadda birnin Phoenix na jihar Arizona ya fara yi a 2021. Na huɗu, a sauƙaƙa samun 'yar na'urar neman agaji wadda ke aika saƙo ta taurarin Cospas-Sarsat, tsarin da ya fara ceton rayuka a 1982, domin wayar salula ba ta da amfani inda babu turken sadarwa. Wannan na'ura takan mayar da filin nema daga ɗaruruwan murabba'in kilomita zuwa ɗan ƙaramin wuri.

Akwai masu cewa baligi yana da 'yancin jefa kansa cikin haɗari, kuma yawan alluna da dokoki yana ɓata kyan daji. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba na goyon bayan a cika hamada da shinge. Sai dai 'yanci ba ya cika sai da sani, sa'annan wanda ya ɓace ba kansa kaɗai ya jefa cikin haɗari ba, har da yaran da ke tare da shi da waɗanda za su fita nemansa cikin wannan rana. Wasu kuma na cewa a riƙa cajin wanda aka ceto kuɗin aikin. Wannan ma ban yarda da shi ba, domin mai tsoron biyan kuɗi zai jinkirta neman taimako, kuma mun riga mun ga abin da jinkirin awa shida ke haifarwa.

Kada mu ɗauka wannan labarin Turawa ne kawai. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawawwakin mutum 92, akasarinsu mata da yara, a arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace a hanyarsu daga Arlit. Neman abinci ne ya fitar da su, amma jikinsu ya bi ƙa'idar da muka bayyana. Saboda haka ina kira ga malaman kimiyya da na lissafi su koyar da waɗannan abubuwa a aji: a sa ɗalibai su lissafa ruwan da za su rasa a tafiyar yini, su zana da'irar nema, su san cewa idan mota ta mutu a hamada gara a zauna kusa da ita a inuwa, domin daga sama mota ta fi mutum saurin ganuwa, kuma a sha ruwan da ake da shi maimakon a yi ta adana shi har hankali ya gushe. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗalibin da ya riƙe waɗannan ƙa'idoji tun yana sakandare ya fafe tasa gorar, kuma wataƙila wata rana shi ne zai hana ayari guda barin mota.