Auduga, Toka da Daren Hunturu

A Amurka da Turai, masu koyar da zaman daji suna alfahari da wata dabara: a shimfiɗa auduga, a barbaɗa mata tokar itace, a naɗe ta tamau, sannan a murza ta tsakanin katako biyu har cikinta ya soma hayaƙi. Toka ce ke ƙara zafin gogayya, gishirin fotashiyam da ke cikinta kuma yana taimaka wa audugar ta kama.

A wurinsu nishaɗin hutu ne. A ƙasar Funtuwa da Malumfashi, inda auduga take amfanin gona, toka kuma take kowane murhu, lamarin ya wuce nishaɗi. Shekaru ke nan 'yan bindiga suna tilasta wa mutanen ƙauyukan Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara kwana a jeji. Wanda ya tsere da tsakar dare ba ya tsayawa neman ashana. Gaskiya ne, a daren gudu wuta tana iya tona asirin mai ɓuya. Amma gari zai waye, ga jariri yana rawar ɗari, ga ruwan rafi da ke bukatar tafasawa.

Kakanninmu sun san ƙyastu, iyayenmu mata kuma suna binne garwashi cikin toka ya kwana da rai. Mu 'yan boko muka kira wannan ƙauyanci, laita ta maye gurbinsa. Ina ganin ya kamata makarantun firamare na yankin su dawo da shi cikin darasin noma. Yamma ɗaya ta isa a koya wa yaro, muddin audugar a bushe take.