Filin Manoma Da Makiyaya: Wa Zai Biya Kuɗin Wutar Kalfu?

Ƙasar Kalfu tana maƙwabtaka da birnin Tawa. Duk wanda ya je cin kasuwa birni ya ga ƙwan wuta a shaguna, ya sha ruwan sanyi, ya ga injin walda yana aiki. Mutanen garuruwa da yawa kuwa, in sun koma gida, sai tocila da batir. Shi ya sa ake yawan tambaya a dandali: yaushe wuta za ta zo? Amma akwai tambayar da ta riga wannan. Wa zai biya?

Wutar lantarki, wadda ake ce wa kuran, sai an biya mata kuɗi sau uku kafin ƙwai ɗaya ya kama a ɗakin manomi. Ana biyan wurin da ake yin ta. Ana biyan turaku da wayar da ke kawo ta. Ana biyan mita, wato akwatin da ke ƙidaya wutar da gida ya sha.

Kamfanin NIGELEC shi ke sayar da wuta a Nijar. An kafa shi a 1968. Shekaru da yawa, mafi yawan wutar da yake sayarwa daga Najeriya yake sayo ta. A 1976 aka ja babbar waya daga Birnin Kabi zuwa Yamai. Wadda ke zuwa jahar Tawa daga Katsina take shigowa, ta biyo Gazawa da Maraɗi da Malbaza. A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar. Ba ta maido ta ba sai a watan Maris na 2024. A waɗannan watanni ƴan birni ma sun koma neman tocila. Kowa ya ga abin da ke samun mai rance wuta a murhun maƙwabci.

Jahar Tawa tana da nata arziki. A 2018 aka buɗe tashar hasken rana a Malbaza, mai ƙarfin megawat 7. Megawat ɗaya yana iya kunna ƙwai dubu 100 masu wat 10. Da bashin wani bankin ƙasar Indiya aka gina ta. Akwai kuma gawayin ƙasa a Salkadamna, arewa maso yamma da Tawa. Shugaba Mahamadu Isufu ya aza tubalin tashar wuta a can a 2014, amma shekaru goma suka wuce ba a kunna ƙwai ɗaya da ita ba. Aza tubali ba wuya. Samun mai ba da kuɗin gini shi ne aiki.

To, ina kuɗin ke fitowa? A 2013 gwamnati ta kafa hukumar ANPER domin kai wuta karkara. A watan Disamba na 2021 Bankin Duniya ya yarda da wani shiri mai suna HASKE, na sama da miliyan 300 na dalar Amurka. (Wannan ba dalar kasuwar Tawa ba ce. Ɗaya tata ta fi dala ɗari ta nan.) Wani sashe na kuɗin kyauta ne, wani sashe bashi. Burin ƙasa shi ne a 2035 mutum 80 cikin 100 su sami wuta. A farkon shekarun 2020 wajen mutum 20 ne cikin 100 ke da ita, kuma mafi yawansu a birane suke.

A nan ya kamata manomi ya buɗe kunne. Bashi bashi ne, ko da sunansa Haske. Ƙasa za ta biya shi, kuma da kuɗin talakawa za ta biya: kuɗin mita da kuɗin haraji. Saboda haka masu tsara aikin ba sa kafa turke don ganin ido. Suna duba nisan gari daga babbar waya. Suna duba yawan gidaje. Suna duba ko akwai aikin da wutar za ta yi da rana. Kowane kilomita na waya miliyoyi yake ci. Idan an ja ta kilomita 15, aka tarar gida 10 ne kawai za su sa mita, kowa da ƙwai biyu, kuɗin da za a karɓa ba zai maida ko na turaku ba. Ƙwai mai wat 10 sai ya yi awa 100 yana ci kafin mita ta ƙidaya kilowat ɗaya. Haske yana da daɗi, amma shi kaɗai ba ya riƙe waya.

Abin da ke riƙe ta shi ne sana'a. Injin niƙa da ya bar shan gazuwal. Injin ban ruwa a fadamar albasa. Mai walda da ke gyaran amalanke. Firji a gidan likita domin allurar rigakafi. Mai cajin salula. Gari mai irin waɗannan, maganarsa ta fi nauyi a gaban hukuma. Kuma wutarsa ta fi daɗewa, don mai sana'a ba ya yarda a yanke masa saboda bashi.

Mutanen Adar suna da wata dama. Ƴan bida da ke Abijan da Najeriya da Libiya suna aiko da kuɗi gida. An saba haɗa irin wannan kuɗi a gina masallaci ko a gyara rijiya. Ana iya haɗa shi kuma domin kuɗin sa mita da sayen injin niƙa na ƙungiya.

Makiyayi fa? Waya ba ta bin garke. Ƙananan ƙauyuka masu nisa su ma za su daɗe ba su ga turke ba, gara a faɗi gaskiya. Su nasu rabon yana ga rana. Wannan ba sabon abu ba ne a Nijar: marigayi Farfesa Abdu Mumuni ya shafe shekaru yana binciken amfani da zafin rana tun shekarun 1960. Farantin sola ƙarami yana kunna fitila, ya cika salula, kuma jaki yana ɗaukar sa. Babba yana jawo ruwa daga rijiyar burtsatse ba tare da gazuwal ba. Sai dai batir yana mutuwa. Garin da bai ajiye kuɗin sabon batir ba, bayan ƴan shekaru farantinsa zai zama inuwar awaki.

Ga abin da kowane gari na ƙasar Kalfu zai iya yi bana. Maigari ya tara jama'a bayan an gama girbi, lokacin da akwai ɗan kuɗi a hannu. Waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci su ɗauki littafi. Su rubuta gidajen da suka yarda su sa mita, da masu injin niƙa, da masu garka, da lakwal, da gidan likita. A zaɓi ma'aji, namiji ko mace, wanda kowa ya yarda da shi. Kada a ba kowa ko dala da sunan kawo wuta sai ya ba da takarda mai hatimi. A rubuta takardar garin sau biyu: ɗaya a kai ofishin ƙaramar hukumar Kalfu, ɗaya ta zauna a hannun maigari.