Kada Ki Fasa Ƙwai

Yau maganata a kan masu karatun littattafai take, musamman matan Gazara da sauran ƙasar Maƙarfi, inda littafi guda kan zaga gida goma kafin ya komo hannun mai shi. Wannan kuwa abin yabo ne. In an gama aikin gida aka zauna ana shan rake, wannan ta ce littafi kaza ya yi mata daɗi, waccan ta ce ita dai bai gamshe ta ba. Da haka kai ke wayewa.

Amma akwai wata ɗabi'a da ke ɓata wannan zama. Sai ki ga mace ta karanta labarin kisa ko na sata, irin wanda ba a sanin mai laifi sai a shafin ƙarshe, tana miƙa wa maƙwabciyarta tana cewa, "Ashe direban ne ya kashe shi!" Haba! To me kuma ya rage mata? Kin ba ta takarda, kin riƙe daɗin. Da yawa aka daina ba juna aro saboda wannan.

Ki duba Jiki Magayi, wanda John Tafida da Dokta East suka rubuta, aka buga a Zariya a 1934. Kina iya kwana kina gardama a kan ko Zainabu ta kyauta da ta bar Abubakar ta auri Malam Shehu mai dukiya. Ni dai na fi ganin laifin Malam Shehu, ko da yake na san wasunku za su ce ai ba ɗaure ta aka yi ba. Duk wannan halal ne. Amma abin da ya sami ɗansu Kyauta, ki bar wa mai karatu ta gani da idonta.

Turawa ma sun san haka. Wasan Agatha Christie mai suna The Mousetrap, watau tarkon ɓera, a 1952 aka fara nuna shi a Landan, kuma kowane dare in an gama akan roƙi 'yan kallo kada su gaya wa kowa wanda ya yi kisan.

In bakinki na ƙaiƙayi, ki fara tambaya tukuna, "Yaya, kin kai ina?" Kadan ta ce tana tsakiya, sai ki tambaye ta wa take zargi, ki yi shiru, kada ko murmushi ya tona ki.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.