Alwatikar Teburin Sinuka: Ɗan Hakin Da Ka Raina

A 'yan shekarun nan na ga magidanta suna sayen teburin sinuka su ajiye a gida, don raba 'ya'yansu da rumfunan bakin titi, inda wasa kan rikiɗe ya koma caca. Niyya ce kyakkyawa. Sai dai mutum zai kashe maƙudan kuɗi a kan tebur da sanduna, amma da an zo kan alwatikar da ake jera ƙwallaye a ciki, sai ya karɓi duk wadda ɗan kasuwa ya miƙo masa. Ina ganin a nan gizo ke saƙar.

Da farko, mai karatu ya sani cewa abin da muke kira sinuka ba wasa ɗaya ba ne. Akwai sinuka ta asali, wadda hafsoshin sojan Ingila suka ƙirƙiro a Indiya wajajen 1875, mai ƙwallaye 22, jajaye 15 daga ciki, kowace faɗinta milimita 52.5. Akwai kuma ful na Amurka, mai ƙwallaye 15 masu lamba da fara guda, kowace faɗinta inci 2¼, wato kimanin milimita 57. Duka biyun ana jera ƙwallaye 15 ne sahu biyar, daga ɗaya zuwa biyar. Idan ka yi lissafi, sahun ƙarshe na ful ya ɗara na sinuka da fiye da santimita 2. Saboda haka alwatikar sinuka ba za ta ɗauki ƙwallayen Amurka ba, ita kuwa ta Amurka sai ƙwallayen sinuka su yi ta yawo a cikinta. Auna ƙwallonka kafin ka nufi kasuwa.

Na biyu, aikin alwatika shi ne ta sa kowace ƙwallo ta manne da 'yar'uwarta. Ƙarfin bugun farko yana ratsawa ne daga wannan zuwa waccan, kuma inda aka sami giɓi, ko da kaurin takarda ne, nan ƙarfin ke raguwa. Sai ƙwallaye su cunkushe wuri guda, mai bugu ya zargi wanda ya jera, gardama ta kaure tsakanin wa da ƙane. Tagari ita ce wadda ta bar ɗan sarari a baya, yadda za ka tura ƙwallaye gaba da yatsu, ka ɗaga ta ba tare da ko ɗaya ta motsa ba.

Na uku, a dubi yanayinmu. Katako yana da kyau da nauyi, amma wanda bai bushe ba yakan kumbura da damina, ya tsage da hunturu. Roba mai kauri ta fi jure wa wannan sauyi, siririya kuwa lanƙwasawa take yi. Ko wacce ka zaɓa, ɗora ta a kan gilashi ka gani ko ta zauna daram, sannan ka shafa gindinta da hannu. Kaifi ko tsinin ƙusa zai ci ƙyallen teburin, sauya shi kuwa ya ninka kuɗin alwatika sau da yawa.

Shawarata ita ce a saye ta tare da ƙwallaye, a gwada a gaban mai shago. Yaron da ya saba ganin an jera masa daidai, shi ma an sa shi ya jera wa abokin karawarsa daidai, ya fara koyon adalci tun kafin ya ɗauki sanda.